Anti, tensis ɗin Turanci sun hana ni sakat

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Ni nas ce a wani asibiti a Zariya, shekarata 9 ina aiki, ina da aure da yara uku. Sau biyu ke nan ina zana jarrabawar Turanci ta IELTS don ina son in yi rajistar aikin jinya a Ingila, kuma duka biyun ɓangaren rubutu ne ke kayar da ni, 6 nake samu alhali 6.5 ake nema. Malamin lesin ɗinmu ya ce matsalata tensis ce, wato yadda kalmomin aiki ke nuna lokaci, ya ba ni wani tebur mai gida 12 na haddace shi tas, amma da na zo rubutu ko magana sai komai ya cakuɗe min. Abin da ya fi ƙona min rai, ran nan wajen miƙa aiki da safe na ce "the patient has vomited yesterday night", sai wata ƙaramar likita ta gyara min a gaban ɗalibai suna ta ƙunshe dariya. Tun ranar in dai Turanci za a yi sai in ja bakina in yi shiru. Maigida kuma ya ce in haƙura haka nan, kuɗin da aka kashe sun isa. Anti ko dai kaina ne ya daina ɗauka? Shekarata 36.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar kai ya daina ɗauka dai ki ajiye ta gefe, macen da ke riƙe sunayen magunguna da adadin da za a ba kowane maras lafiya a kanta ƙarfe uku na dare ba ita za a ce wa kanta ya toshe ba. An bar jaki ne ana dukan taiki. Teburin da malaminku ya ba ki ba ƙarya a cikinsa, sai dai bai nuna miki inda gizo ke saƙar ba, don abin da ke kayar da ke Hausarki ce da ke aiki a ƙarƙashin Turancin ba ki sani ba. Na yi sama da shekara 20 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma wallahi kuskuren ɗalibaina Hausawa kusan iri ɗaya ne, har nakan san inda yaro zai faɗi tun kafin ya kai wurin. Ba rashin ƙoƙari ba ne, harsunan biyu ne ba tambaya ɗaya suke yi wa aiki ba.

Dubi Hausa tukuna. Na sha, ina sha, zan sha, nakan sha. "Sha" ɗin bai motsa ba, 'yar kalmar da ke gabansa ce ke ɗauke da kayan. To me take faɗa? Yawancinmu za mu ce lokaci take faɗa, amma gwada wannan ki gani: jiya da likita ya shigo ina wanke hannu, yanzu haka ina wanke hannu, gobe war haka ina wanke hannu. "Ina" ɗaya ce ta yi jiya ta yi yau ta yi gobe ba ta canja riga ba. Haka "na": kafin ya iso jiya na gama, yanzu na gama, kafin ki iso gobe na gama. Kin ga ke nan abin da Hausa ta fi damuwa da shi shi ne aikin ya kammala ko yana ci, maganar yaushe kuwa sai ta bar wa jiya da gobe da bara su faɗa, in ma an riga an san lokacin ba ta ƙara ambatarsa.

Turanci bai yarda da wannan sauƙin ba. Shi kowane aikatau, wato kalmar aiki, sai ya amsa tambaya biyu a tare, yaushe ne, sannan a wane hali aikin yake. Shi ya sa "ina" ɗinki guda ɗaya ta rabu uku, "I was washing", "I am washing", "I will be washing", ita ma "na" ta rabu, "I had finished", "I have finished", "I will have finished". Ki lura da kyau, wutsiyar ba ta canja ba, "washing" na nan, "finished" na nan, kalmar farko ce kawai ke juyawa. Kalmar farko ita ce agogo, wutsiya ita ce halin aikin. Teburin nan mai gida 12 da kika sha wahalar haddacewa ba komai ba ne illa lokaci 3 sau hali 4, kuma maganar hali kunnenki na Hausa ya riga ya san mafi yawanta tun kina goye. Abin da ba ki saba ba shi ne ɗaura wa kowane aikatau agogo.

Na ce kowane fa. Nan ne maki ke zubewa a rubutu ba tare da mutum ya ankara ba. Mu a Hausa sau ɗaya ake cewa "jiya" a farkon labari shi ke nan an wuce wurin, sai ɗalibi ya fara da kyau, "Yesterday a woman came to the ward", layi biyu gaba sai ki ga "she is crying and she say her child is sick", don a ransa ai ya riga ya faɗi jiya, me kuma ake nema. Ke da kanki kin san in kika ɗebi jinin mutum biyar ba a kan kwalbar farko kaɗai kike rubuta suna ba, kowace kwalba sai an manna mata nata. To haka aikatau yake a Turanci, "she was crying and she said her child was sick". Har maganar da aka ruwaito ma ana ja da ita baya, mu mukan ce "ta ce tana zuwa", su kuma "she said she was coming".

Yanzu mu zo kan wadda ta ba ki kunya. "Ya yi amai" a Hausa magana ɗaya ce, a Turanci biyu ce, "he vomited" da "he has vomited", kuma babu abin da ke gaya wa kunnen Bahaushe wacce zai ɗauka. Ni yadda nake koya wa yara shi ne da kasuwa. Akwai kasuwar da ta tashi, akwai wadda ke ci. Jiya kasuwa ce da ta tashi, haka daren jiya, haka bara, haka ƙarfe uku na dare, haka 2019, haka kwana biyu da suka wuce. Muddin kika ambaci lokacin da ya riga ya tashi to "have" da "has" ba su da rumfa a wurin, sai ki ce "he vomited last night", "he vomited at 3 a.m." A nan ne likitar ta kama ki, kin haɗa "has" da jiya, kuma Bature bai cika cewa "yesterday night" ba, "last night" yake cewa. Amma in lokacin bai tashi ba, kina cikinsa har yanzu, kamar yau, ko makon nan, ko daga tsakar dare zuwa yanzu, to nan ne "has" ke shigowa, "he has vomited twice since midnight", wato sau biyu zuwa yanzu kuma ba mamaki ya ƙara. Haka in ba ki ambaci lokaci ba sam, abin da ya dame ki sakamakon da ke gabanki ne, "the drip has finished", ruwan ya ƙare ga leda nan wayam a zo a canja. Da wani zai tambaye ki yaushe ya ƙare, amsar sai ta koma ɗaya gidan, "it finished ten minutes ago". Shi ya sa ma ba a tambaya da "when have you", sai "when did you".

Wani abin daɗi da ban taɓa ganin an rubuta a teburin lesin ba, Hausa tana da 'yan kalmomi da ke yi miki ishara. Taɓa, riga, tukuna, tun. Duk inda kika ji ɗayansu a cikin abin da kike son faɗa to ki fara laluben "have". Kin taɓa zuwa Legas, "have you ever been to Lagos". Na riga na ba shi, "I have already given it to him". Bai farka ba tukuna, "he has not woken up yet". Ban taɓa gani ba, "I have never seen it". Ki kuma bambanta "she has gone to Lagos" da "she has been to Lagos", ta farko ta tafi tana can, ta biyu ta je ta dawo, kamar dai bambancin "ta tafi" da "ta taɓa zuwa". Za ki ji Amurkawa a fim suna cewa "did you eat yet" ko "I just ate", su wannan daidai ne a wurinsu, amma tunda Ingila kika nufa ki riƙe "have you eaten yet".

"Tun" kuwa sai na ɗan daɗe a kanta don ita ce ramin da kowa ke afkawa, har masu digiri biyu. Mukan ce "tun 2016 nake aiki a nan", kin ji "nake" sai hannunki ya rubuta "I am working here since 2016", kuma a kunnen Bahaushe babu abin da ya fi wannan daidai, ai har yanzu ina aikin. Amma "I am working" a Turanci yanzu kawai take kallo, ba ta da hannun da za ta miƙa baya ta taɓo 2016. Abin da ya faro a baya ya iso yau yana ci sai an haɗa masa biyun, "have" ta ɗauko shi daga baya, "-ing" ta nuna bai tsaya ba, "I have been working here since 2016". A wod wannan ita ce jimlar da za ki fi kowace amfani da ita. Kwana uku ke nan tana tari, "she has been coughing for three days". Tun Litinin yake zazzaɓi, "he has had a fever since Monday". "Since" tana bin ranar da abin ya fara, "for" tana bin tsawon lokacin, saboda haka babu "since three days", duk da kullum ana faɗa a asibitocinmu har ya zama kamar daidai.

Kada ki ɗauka wannan duk iyayin Turawa ne. Ɗauki maganin sukari ki ga. "She takes metformin", tana shan sa kullum, shi ne maganinta. "She is taking metformin", a 'yan kwanakin nan tana kansa. "She took metformin", ta sha a wani lokaci da ya wuce. "She has been taking metformin for two years", shekara biyu tana sha har yau. "She used to take metformin", da tana sha amma ta daina. Likitan da ya karɓi ripot ɗinki a Landan abin da zai rubuta wa matar nan ya dogara da wacce kika faɗa, kuma ta ƙarshen nan ita ce mai haɗari a bakin ɗan Najeriya, don mu mun mayar da "use to" ta zama fassarar "nakan". Sai ki ji mutum ya ce "I use to pray in that mosque" yana nufin nan yake salla kullum, Bature kuwa abin da ya ji shi ne da can yana yi yanzu ya bari. "Nakan" ɗinmu ba ta bukatar ado a Turanci, aikatau tsurarsa ne, "I pray there", in kina so ki ƙara "usually". Sai dai kar ki manta da 'yar "s" ɗin nan in mutum ɗaya ake magana a kansa, "she takes", "he prays", ƙarama ce amma mai makin yana ganinta.

Akwai kuma wani wuri da harsunan biyu suka yi hannun riga har abin dariya. Mu mukan ce ina da, ina so, ina ji, ina bukata, duk da "ina", sai a juya su kai tsaye a ce "I am having two children", "I am hearing you", "she is having diabetes". Turanci yana ɗaukar mallaka da so da sani da fahimta a matsayin hali ne da mutum ke ciki, ba aikin da ake gani ana yi ba, saboda haka ba ya sa musu "-ing", "I have two children", "I can hear you", "she has diabetes". In kika ce "she is having a baby" kuwa to haihuwa ake magana ba wai tana da jariri ba, haka "he is having a seizure" daidai ne don abu ne da ke faruwa a gabanki. Sannan ta ɗaya gefen, mu mukan ce na sani, na gane, na yarda, na gaji, da "na" kamar abin ya wuce, alhali yanzu muke nufi, sai ɗalibi ya ce "I understood" in an tambaye shi ko ya gane, ko ya ce "I have tired". A'a, "I know", "I understand", "I agree", "I am tired". Inda muka sa "ina" su ba su sa "-ing" ba, inda muka sa "na" su kuma yanzu suke gani. Waɗannan kam ba su kai ashirin ba waɗanda ake yawan amfani da su, ki rubuta su a bangon littafinki ki huta.

Ni ma fa ban tsira ba. Shekarun baya wata Baturiya ta zo makarantarmu aikin sa kai, muna zaune a ofis na miƙe zan je in ɗauko rajista na ce mata "I am coming", na fita. Da na dawo sai ta ce min ita fa ta kasa gane yadda mutum zai ce yana zuwa alhali bayansa take gani yana tafiya. Malamar Turanci guda! "Ina zuwa" ce na ɗauko ɗungurungum na sa mata kayan Turawa. Abin da suke cewa shi ne "I'll be right back".

Maganar "had" ba ta da yawa, mutane ne ke tsoronta, wasu kuma suna yayyafa ta ko'ina don suna jin ta fi nauyi a baki. Babban amfaninta shi ne, kina cikin ba da labarin baya sai kika so ki koma bayan bayan. "When they brought him in, he had already lost a lot of blood", kawo shi da aka yi baya ne, zubar jinin kuma ta riga kawowar. Kin ji "riga" ta sake fitowa ko? In labari ne ke tafiya a jere, irin na sai muka ɗauke shi, muka sa masa ruwa, muka kira likita, to babu ruwanki da "had", shuɗaɗɗe tsura za ki bi da shi har ƙarshe, "we lifted him, put up a drip and called the doctor". Wannan "muka, suka, aka" ta jerin labari kusan kullum nan take sauka. Sai kuma gidan da-na-sani, "da na sani da ban je ba", "if I had known, I would not have gone", ki haddace wannan jimla ɗaya a matsayin ma'auni, duk wata irinta ki ɗora a kai.

Lokaci mai zuwa kuma, ki san cewa aikatau na Turanci siffa biyu kawai yake da ita ta lokaci, ta yanzu da ta da, "walk" da "walked". Ba shi da wata wutsiya ta gobe, aro yake yi. "Will" in yanzu kika yanke shawara ko kina alkawari ko hasashe, "going to" in da ma kin ƙudura ko kin ga alama, irin "she is going to faint" kin ga tana layi, "-ing" in an riga an tsara, "I am travelling on Friday", har ma da tsurar yanzu in jadawali ne, "the clinic opens at eight". Mu "za" ta ishe mu duka. Gaskiya ko kin musanya "will" da "going to" ba wanda zai kasa fahimtarki, kar ki ɓata dare a kansu. Wanda zai ci miki maki shi ne sa "will" bayan "when" ko "if". Mu mukan ce "in likita ya zo zan gaya masa", su kuma "when the doctor comes, I will tell him", ba "when the doctor will come" ba, ba kuma "came" ba duk da "ya zo" ɗin na jan hannunki can.

Sauran biyu ƙanana. In "did" ta shigo ta riga ta ɗauke agogon, aikatau sai ya koma tsurarsa, "did you go", "I did not see", ba a ɗaura agogo biyu a hannu ɗaya. Su kuma masu taurin kan nan da ba sa karɓar "-ed", irin su "go, went, gone" da "take, took, taken" da "put" da ba ya motsi sam, wajen 200 ne ake amfani da su, babu dabara sai hadda, amma waɗanda ke fitowa a bakin nas kullum ba su fi hamsin ba, fara da su. Ita "went" ma asalinta ba 'yar gidan "go" ba ce, daga wani tsohon aikatau "wend" aka aro ta, saboda haka in kin ga ba su yi kama ba, ba idonki ba ne.

Akwai abin da nake zargi game da maganarki ko da ban ji muryarki ba. Harshenmu bai saba tara baƙaƙe wuri ɗaya ko ƙare kalma da baƙi ba, shi ya sa muka mayar da "bread" burodi, "bucket" bokiti. To kalma irin "asked" ko "walked" ko "helped" sai mu haɗiye ƙarshen, a ranki kin faɗi shuɗaɗɗe amma abin da ya fito "ask" ne, mai sauraro kuma ya rubuta miki kuskuren tens alhali na furuci ne. "-ed" ɗin kala uku take fita, kamar "t" a "walked", kamar "d" a "called", sai "id" a "wanted" da "needed" inda kalmar ta ƙare da t ko d. Ki ɗauki muryarki a waya kina karanta ripot, ki saurara, za ki sha mamaki.

To me za ki yi daga yau. Ki naɗe teburin nan ki sa a durowa. Kullum in kin tashi daga aiki ki rubuta layi shida zuwa takwas a kan maras lafiya ɗaya, ba suna ba lamba don sirrin mutane ne, ki faɗi abin da ya kawo shi, tun yaushe yake fama, me ya sha kafin ya zo, me aka yi masa, yaya yake yanzu, me za a yi gobe. Wannan ɗan ripot ɗin shi kaɗai ya taɓo kusan duk gidajen da kike bukata, kuma da abin da kika sani kike yi ba da labarin wani John da ke cin tuffa ba. In kin gama sai ki ɗauki jan biro ki ja layi ƙarƙashin kowane aikatau ki yi masa tambayoyin nan biyu, yaushe, kuma ya kammala ko yana ci. Minti goma sha biyar ya isa. Wata biyu a haka ya fi miki lesin ɗin da za a sake karanta miki tebur.

A jarrabawar kanta, kin san rubutu awa ɗaya ne, aiki na farko kalma 150 na biyu 250, kuma nahawu ɗaya ne daga abubuwa huɗu da ake aunawa, wato rubu'in makin. Sauran ukun su ne amsa abin da aka tambaya, tsarin zance da haɗuwarsa, da yalwar kalmomi, saboda haka ki sa malamin ya duba miki su ma, kar a ɗora wa tensis laifin kowa. A aiki na farko kafin ki rubuta ko harafi ɗaya dubi shekarun da ke jikin zanen da aka ba ki ki yi bayaninsa. In 1990 zuwa 2010 ne kasuwa ta tashi, "rose", "fell", "remained", in kika ce "by 2010" sai "had risen". In zanen ya kai shekarun da ba a zo ba sai "is expected to rise". In ba shekara sam, kamar zanen yadda ake sarrafa wani abu, sai ki zauna a yanzu. Ki ware minti uku na ƙarshe don bin aikatau kawai, kar ki duba komai sai su. A ɓangaren magana kuma, minti 11 zuwa 14 ne gaba ɗaya, kuma mai tambayar da kansa yake miƙo miki tens ɗin a cikin tambayarsa, in ya ce "how long have you been" ki mayar masa da "I have been", in ya ce "did you" ki zauna a baya, in ya ce "do you usually" to "nakan" yake nema. In kika ji kin yi kuskure ki gyara a take ki wuce, kar ki tsaya ba da haƙuri. Ki kuma leƙa shafin hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Ingila, da kanki kafin ki sake biyan ko sisi don ganin sharuɗɗan da ke aiki a lokacin, kuma suna karɓar wata jarrabawar mai suna OET, wadda ita Turancin asibiti ce zalla, rubutunta ma wasiƙa ce a kan maras lafiya, irin abin da hannunki ya saba. Da ni ce ke da na duba ta sosai.

Ita kuma likitar, gyaranta daidai ne, wurin da ta yi shi ne bai dace ba, gyaran babba a gaban ɗalibai ba tarbiyya ba ce. Amma shirun da kika koma yi ke yake cuta, ita ta ma manta. Ɗaliban da suka yi dariya kuwa na rantse miki rabinsu "since three days" suke rubutawa a fayil. In kina da ƙarfin hali ki same ta ke da ita ki ce kin gode, in ta sake jin wani ta faɗa miki a gefe, sau da yawa irin waɗannan in aka ba su girman malanta sai su zama masu taimako, kin samu mai duba miki ripot kyauta.

Maigida kuma kar ki yi jayayya da shi, yana da gaskiyarsa, kuɗin jarrabawar nan ba wasa ba ne a wannan zamani kuma sau biyu yana gani suna tafiya. Kar ki ce masa za ki sake yanzu. Ki ce ya ba ki wata uku ba za ki nemi ko kwabo ba, ki yi aikin da na faɗa miki, sannan ki sami wanda ya san makin jarrabawar ya auna rubutunki sau uku a jere. In duka ukun sun kai 6.5 sai ki kai masa takardun ya gani da idonsa ku yi shawara, in ba su kai ba ki ƙara wata biyu. Ripot ɗinki na farko kuma ki turo min ta akwatin saƙo, jan birona na nan bai bushe ba.